MA'AUNIN WUTAR MOTA: AMFANINSA DA YADDA AKE KIYAYE SHI

Jawabi ga Iyayen Ƙasa da Malamansu na Tambuwal da Kebbe

 Maganar yau a kan wani ɗan ma'auni ce wanda girmansa bai fi tafin hannu ba, amma yana iya tsare dukiyar jama'a, wani lokaci har da rai. Kanikawa suna kiransa mita, masu kanti kuwa maltimita, watau ma'auni mai awo iri iri. Da shi ake awon wutar mota, da ta babur, da ta tarakta, da ta injin ban-ruwa, da ta janareta.

DALILIN WANNAN MAGANA

Tambuwal, garin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna, tana bakin babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Jega. Motoci ba sa yankewa a kanta dare da rana, saboda haka wanda motarsa ta mutu a Tambuwal ko Dogon Daji ba ya rasa mai duba masa. Kebbe kuwa ta fi shiga ciki, ga ta a ƙurewar kudancin Jihar Sakkwato, tana iyaka da Jihar Kebbi da ta Zamfara. Motar da ta ƙi tashi a Kuchi, ko a wani ƙauye na bakin gulbin Zamfara, sai an yi tafiya kafin a sami mai gyara, balle da damina sa'ad da hanya ta jiƙa. In motar asibiti ce, ga mace tana naƙuda, kowa ya san abin da jinkiri ke jawowa. In injin ban-ruwa ne, ga albasa ko shinkafa tana jiran ruwa da rani, kwana kaɗan sun isa su ɓata wahalar wata uku.

Har wa yau akwai maganar kuɗi. Sau da yawa mota takan ƙi tashi da safe, direba ya ce batir ya mutu, malami ya rubuta takarda, a fid da kuɗi a sayo sabo. Bayan mako biyu sabon ma ya kwanta, gama tun farko laifin na abin caji ne, ko na wata waya da ta ci tsatsa. An yi hasarar kuɗin batir, cutar kuwa tana nan. Awo na minti biyar da ya hana wannan.

ASALIN MA'AUNIN

Wani Ba'italiye, Alessandro Volta, shi ya fara haɗa batir a shekarar 1800. Wani Bajamushe kuma, Georg Ohm, ya bayyana ƙa'idar gudun wuta cikin waya a 1827. Batir mai dalma da ruwan asid, irin wanda ke cikin motoci har yau, wani Bafaranshe ne, Gaston Planté, ya ƙago shi a 1859. Da can kowane irin awo da nasa ma'auni dabam, har wani injiniyan gidan waya na Ingila, Donald Macadie, ya gaji da ɗaukar kaya da yawa, ya tara su cikin akwati guda. An fara sayar da wannan akwati a 1923 da sunan AVO. Na lokacin nan allura gare shi kamar ta agogo. Mai nuna lamba a kan ɗan gilashi, wanda ake riƙewa a hannu, ya yaɗu ne daga wajen ƙarshen shekarun 1970, shi ne kuwa aka fi samu yanzu a kasuwa.

ABUBUWA UKU DA YAKE AUNAWA

Wanda ya taɓa ganin ban-ruwa a fadama ba zai sha wuyar gane wutar lantarki ba, gama tana gudu cikin waya kamar yadda ruwa ke gudu cikin tiyo.

Na fari, akwai ƙarfin da ke tura ruwan. A wajen wuta sunan ma'auninsa bolt, an ɗauko shi daga sunan Volta, alamarsa a fuskar mita harafin V.

Na biyu, akwai yawan ruwan da ke wucewa. A wajen wuta ana ƙidaya shi da amfa, daga sunan wani masani na Faransa, Ampère, alamarsa harafin A.

Na uku, akwai ƙuncin tiyo, ko dattin da ya tsaya a ciki ya rage gudun ruwa. A wajen wuta wannan shi ne turjiya, ana ƙidaya ta da om, alamarta Ω, mai kama da takalmin doki.

Wutar ma iri biyu ce. Ta batir hanya guda take bi, an rubuta mata DC. Ta janareta da ta gari kai da komo take yi, an rubuta mata AC. Kusan dukan awon mota a kan DC ake yinsa.

Mita tana da wayoyi biyu masu tsinin ƙarfe, ja da baƙa. Baƙar kullum tana cikin ramin da aka rubuta COM. Jar tana zama a ramin V da Ω, sai fa in za a auna amfa, sa'an nan a mai da ita ramin da aka rubuta 10A. A tsakiya akwai maɓalli mai juyawa, shi ake kaiwa kan irin awon da ake so.

AWO NA FARKO: BATIR A KWANCE

A kashe mota, a bar ta ta huta awoyi kaɗan, in da hali ta kwana. A juya maɓalli zuwa DC a kan lamba 20. A ɗora jar waya a kan batir mai alamar +, baƙar kuma a kan mai alamar –.

Batirin mota ɗaki 6 gare shi, kowane ɗaki yana ba da kimanin bolt 2.1, saboda haka cikakken batir yakan nuna 12.6. In ya nuna 12.4, wajen rubu'in cajinsa ya tafi. In 12.2 ne, rabi ya rage. In ya sauka 12.0 ko ƙasa da haka, saura kaɗan ya ƙare, a kai shi caji tun da wuri, domin batirin da aka bari ya daɗe a fanko ba ya komawa yadda yake. In kuwa an yi masa caji sosai amma ya tsaya wajen 10.5, alama ce ɗaki ɗaya ya mutu, wannan sai sabo.

Babbar mota mai batir biyu a jere bolt 24 take aiki da shi. Ita sai a kai maɓalli kan 200, ko kuwa a auna kowane batir shi kaɗai.

AWO NA BIYU: SA'AD DA AKE TA DA INJI

Batir yana iya nuna 12.6 a kwance, amma ya kasa in aka ɗora masa kaya, kamar doki mai kyaun gani wanda ba ya iya sukuwa. Saboda haka a bar wayoyin mita a kan batir, wani ya murɗa makulli, mai awo ya zuba ido a kan lamba. Kik yana jan wuta fiye da amfa 100, don haka dole lambar ta sauka, amma bai kamata ta yi ƙasa da 9.6 ba. In batir cike yake kuma ta faɗi ƙasa da haka, ko dai batir ya tsufa, ko kuwa kik ɗin yana da ciwo. Kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 15, don kada kik ya yi zafi ya ƙone.

AWO NA UKU: ABIN CAJI

Sa'ad da inji ya tashi, altaneta ce ke mayar wa batir abin da aka ci. Tsofaffin motoci dainamo suke da shi, daga shekarun 1960 altaneta ta fara maye gurbinsa. Inji yana aiki, a sāke auna kan batir. Lamba mai kyau tana tsakanin 13.5 da 14.7. A kunna manyan fitilu da fanka, a ɗan taka totur, a duba ko ta riƙe sama da 13. In ta tsaya a 12 da 'yan kai, mota tana cin batirinta ne kawai, za ta mutu a hanya. Kafin a zargi altaneta a fara duba fambel, gama in ya saki ba ta juyawa yadda ya kamata. In lambar ta haura 15, caji ya yi yawa, zai ƙafar da ruwan batir ya ƙone ƙwayayen fitila. Waɗansu sababbin motoci sukan rage caji da kansu in batir ya cika, saboda haka a duba littafin motar kafin a yanke hukunci.

Akwai wata al'ada da ta kamata a hana. Waɗansu sukan cire kan batir inji yana aiki, wai su gani ko zai mutu. A motar zamani mai ƙwaƙwalwa wannan yana iya ƙone ta nan take, kuɗinta kuwa ya ninka na mita sau da yawa.

AWO NA HUƊU: WAYAR DA TA CI TSATSA

Wani lokaci batir lafiya, altaneta lafiya, amma kik sai ƙara yake yi ba ya juyawa. To, a nemi inda wuta ke maƙalewa. A ɗora baƙar waya a kan batir mai alamar –, jar kuma a jikin ƙarfen inji inda ba fenti, sa'an nan a murɗa makulli. Abin da mita ta nuna shi ne wutar da ta ɓace a hanya, bai kamata ya wuce 0.3 ba. Haka kuma a auna daga kan batir mai alamar + zuwa babban ƙusar kik, kada ya wuce 0.5. In ya wuce, a kwance kawunan waya, a kankare farin garin da ya taru, a goge har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure tam, a shafa ɗan giris. Gyaran da ba ya cin ko kwabo ke nan, amma ya ta da motoci da yawa waɗanda aka riga aka yanke wa hukuncin sabon batir.

AWO NA BIYAR: ƁARAWON WUTA

Akwai motar da in ta kwana uku ba a tashe ta ba, sai a tarar batir ya ƙare. Wani abu ne ke shan wuta a ɓoye. Ga lissafinsa: ƙaramin ƙwan fitila mai wat 5, irin na cikin but, yana jan kimanin amfa 0.4. In ya kwana ya wuni a kunne ya sha wajen kashi ɗaya cikin shida na batirin da aka rubuta wa 60Ah, cikin kwana 6 ya ƙarar da shi.

Yadda ake kama shi: a kashe kome, a zare makulli, a rufe ƙofofi. A mai da jar waya ramin 10A, a juya maɓalli zuwa A ta DC. A kwance wayar batir mai alamar –, a sa mita tsakaninta da kan batir, yadda wuta za ta ratsa ta cikin mita. Motar zamani sai a jira kamar rabin awa ƙwaƙwalwarta ta yi barci. In lambar ba ta wuce 0.05 ba, lafiya. In ta wuce, a riƙa zare fis ɗaya ɗaya, wanda aka zare lamba ta faɗi, a layinsa ɓarawon yake. Yawanci rediyo ne da aka haɗa ba bisa ƙa'ida ba, ko cajar waya da aka bari a jone. Lalle kada a murɗa makulli mita tana haka, domin ƙarfinta amfa 10 ne kawai.

AWON TURJIYA

Ƙa'ida a nan guda ce: ba a auna om a kan abin da ke da wuta. A kashe makulli, a zare abin daga layinsa tukuna. Kafin a fara, a haɗa tsinin wayoyin biyu, mita za ta nuna kusan sifiri, abin da ta nuna kuwa a debe shi daga awon da za a yi.

Fis mai kyau yakan nuna kusan sifiri, ko mita ta yi ƙara in tana da wurin ƙara. Wanda ya ƙone sai ta nuna 1 ita kaɗai a gefen hagu, ko haruffan OL, watau hanya ta yanke. Haka ake gwada ƙwan fitila, da maɓalli, da wayar da ake zaton ta tsinke a cikin robarta.

Koyil, wanda ke ba fulogi wuta, naɗi biyu gare shi. Na farko yakan kasance tsakanin rabin om da om 3, na biyu kuwa dubbai ne, sau da yawa tsakanin 6,000 da 15,000. Injekta ta yawancin motocin fetur tana tsakanin om 12 da 16, in guda ta bambanta da 'yan uwanta ƙwarai, ita ce mai laifi. Abin da ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota zafin ruwan lagireto, a motoci da yawa yakan nuna wajen om 2,500 inji yana sanyi, ya sauko wajen 300 in ya yi zafi. In ya lalace mota takan sha mai fiye da kima, tana baƙin hayaƙi. Waɗannan lambobi na kwatanci ne, kowace mota da nata a cikin littafinta.

Ƙaramin injin ban-ruwa mai igiya ba shi da batir, amma da awon om ana gane ko koyil ɗinsa ya yanke, ko kuwa maɓallin kashewa ne ya maƙale. Janareta kuma a kai maɓalli kan AC, a lamba mafi girma, a duba ko tana ba da tsakanin 220 da 240 kafin a jona mata firjin magani.

ABUBUWAN DA AKA HANA

1. Kada a sa mita a kan wayar fulogi inji yana aiki. Wutar nan takan kai bolt 20,000 har ta wuce.

2. Kada a auna kan batir jar waya tana ramin 10A. Wannan shi ya fi kashe mitoci. Da zarar an gama awon amfa, a mai da ita ramin V.

3. Kada a taɓa wayoyi masu launin rawaya na jakar iska ta gaban direba, gama 'yar wutar mita tana iya fasa ta.

4. Motar da ke haɗa fetur da babban batir, da mai lantarki zalla, suna da manyan wayoyi ruwan lemo masu wutar da ke kisa. Waɗannan sai wanda aka horar.

5. Batir yana fid da iska mai kama wuta, musamman lokacin caji. Ba a shan taba kusa da shi, ba a kuma gwada shi da tartsatsin sifana. Ruwansa asid ne, in ya taɓa ido ko fata a wanke nan da nan da ruwa mai yawa, a tafi asibiti.

6. Mai awo ya cire zobe da agogo, ya naɗe hannun riga, ya kiyayi fanka. Babbar riga da rawani ba su dace da bakin inji mai aiki ba.

KIYAYE MA'AUNIN KANSA

Ƙasar nan tana da abubuwa uku masu cin mita: zafin bazara, wanda a watan Afrilu yakan wuce digiri 40, da ƙurar hunturu, da laimar damina. Kada a bar ta a gaban mota cikin rana, gama gilashinta yakan yi baƙi ya lalace. A ajiye ta cikin jakarta, a cikin akwati ko durowa mai rufi. A goge ta da ƙyalle mai ɗan danshi, ban da fetur ko kananzir.

A cikinta akwai ɗan batir, yawanci mai bolt 9. In hoton batir ya fito a gilashi a sauya shi ran nan, domin mitar da batirinta ya yi rauni takan ba da lamba ta ƙarya, ƙaryar ma'auni kuwa ta fi rashinsa muni. A kashe ta bayan kowane aiki. In za ta yi wata da watanni ba amfani, a cire batirin don kada ya zubo ya ci ƙarfen ciki.

A duba wayoyinta kullum. Wadda robarta ta tsage a sāke ta, kada a naɗe da leda. In za a zare waya a kama kanta, kada a fizgi igiyar, kada kuma a naɗe ta da ƙarfi a jikin mita. Fis ɗin cikinta in ya ƙone a sa irinsa daidai, kada a cusa zaren waya a madadinsa. Sau ɗaya a wata a gwada ta da ta wani a kan batir guda, in sun saɓa da yawa a nemi ta uku ta raba gardama.

AIKIN HAKIMI DA NA MALAMI

Ba a nufin uban ƙasa ya zama bakanike. Abin da ake roƙo shi ne ya sa a ajiye mita guda a ofishinsa, a hannun mutum ɗaya amintacce, ya kuma yi wa direbobi da masu kula da janaretan asibiti da shugabannin manoman rani magana su koyi awo uku na farko. Maganar uba tana da nauyi wurin 'ya'yansa.

Malami kuwa ya buɗe littafi, kowace mota ko inji da shafinsa. Ya ja layuka: kwanan wata, awon batir a kwance, awon lokacin tashi, awon caji, da sunan wanda ya auna. A yi wannan sau ɗaya a mako, a kuma yi kafin kowace doguwar tafiya. In batir mai marufi ne, a duba ruwansa, in ya ragu a ƙara tataccen ruwan batir, ban da na rijiya. Kafin malami ya rubuta takardar sayen batir ko altaneta, ya nemi a nuna masa lambar da mita ta ba da, ya rubuta ta a jikin takardar. Bakanike mai gaskiya ba zai ji haushin wannan ba, gama ita ce shaidarsa. Littafin nan kuma shi zai nuna batirin da ke raguwa mako mako, a shirya masa tun bai kwanta a daji da dare ba.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, sun kuma ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya taimaki iyayen ƙasa, ya kiyaye matafiya, ya ba ƙasar Tambuwal da ta Kebbe lafiya da zama lafiya. Amin.